Mai Raka Yara Makaranta

Ranar da Malama ta fara ganinsa, tsaye yake a tsakiyar mahaɗar titi, ya ɗaga hannu ya tsayar da tifa, yara goma sha huɗu na wucewa a kan kekunansu ɗaya bayan ɗaya. A nan ne mota ta buge autansu shekara uku da suka wuce, yana kan hanyar makaranta.

"Biyanka ake yi?" ta tambaye shi.

"A'a, gyaran keke nake yi, ga shagona can. Rakiya ce kawai."

Tun daga ranar ta koma bin hanyar da ta daɗe tana kauce wa. Tana ce masa Injiniya, yana ce mata Malamata.

"Malamata, yau mun kai sha bakwai, har da 'yan mata uku. Na duba birkin kowa sau biyu," ya rubuto mata a waya.

"Sannu, Injiniyana. Cikinka fa, wa ke duba shi?"

Ranar da ya zo gaishe da mahaifiyarta, Umma, kallo ɗaya ta yi masa ta miƙe.

"Wannan ne ya sayar mana da keken Auta. Ba da ni ba."

Keken yana nan jingine a ɗakin ajiya, tayar gaba a lanƙwashe. Har yanzu in lokacin tashin makaranta ya yi, Umma kan juya ta kalli ƙofa.

Malama ta bi shi waje. "Ka san ko ni wace ce?"

"Tun ranar farko. Idonku ɗaya da Auta. Ni na ɗauke shi daga kan kwalta."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Tsoro na ji."

Wata guda ba ta ɗauki wayarsa ba. Ta rame, Umma na gani. Wata safiya Umma ta yafa mayafi ta ce, "Raka ni."

Suka tsaya gefen titi har yaran suka gama tsallakawa. Sannan Umma ta ƙarasa shagon.

"Auta ya yi magana kafin ya cika?"

Injiniya ya durƙusa. "Ya yi, Umma. Cewa ya yi a ba ki haƙuri, rigarsa ta ɓaci, kada ki yi masa faɗa."

Umma ta zauna a kan bencin shagon ta rufe fuska. Malama ta riƙe ta, suka daɗe suna kuka.

Da Umma ta share hawaye ta dube shi. "Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Umma ta haɗa hannuwansu a cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya, ya kuma dawo muku da su gida kullum."