Zanen Mutuwa a Ɗakin Farfesa Almu

Da Insifekta Muntaka ya isa gidan a Takoma Park ta ƙasar Amurka, Farfesa Almu na kwance, shanyewar jiki ta ɗauke masa magana. Idonsa na kafe a kan wani firam ɗin hoto da ba komai a ciki.

Nan zanen yake a da, aikin wani ɗan Suwizalan tun shekaru ɗaruruwa: ƙwarangwal riƙe da hannun tsoho, yana jansa zuwa rami. Sauran zane-zanen, aikin Jamusawa, na rataye, duk fuskoki marasa fara'a.

Kamal, ɗan ƙanen Farfesa, ya nuna Salimatu, 'yar Kumasi mai jinyar tsohon.

"Ita ta sace shi, yallaɓai. Daga bakin ƙofa na hango firam wayam, ita kuwa tana sallar la'asar kamar ta Allah. Ban ko shiga ba na kira ku."

Muntaka ya san muddin ya saka mata ankwa, ta gama aikin jinya a Amurka. Ya duba bango. Fentin bayan kowane firam ya kakkarce.

"Baiwar Allah, me ya karce nan?"

"Ni ce. Kafin kowace salla nake juya su su kalli bango. Ba na sujada gaban ƙwarangwal."

"Da kika juya yau zanen yana ciki?"

"Wallahi ban sani ba. Runtse ido nake yi. Ƙwarangwal ɗin bin mutum yake da kallo."

Muntaka ya sa ta juya su kamar kullum, sannan ya tsayar da Kamal a bakin ƙofa.

"Me kake gani?"

Kamal ya kau da kai.

"Malam, tambayarka nake."

"Bayan katako."

"To ta ina ka ga babu zane, in ba kai ka cire ba?"

Kamal ya amsa laifinsa. "Da safe ne, tana kicin. Baffa ya yi wasiyya a ba gidan tarihi kyauta. Mu fa? Yana cikin but ɗin motata."

Wanda ya saci kayan mara lafiya ya ɗora wa mai salla, bai cancanci tausayi ba. Muntaka bai tausaya ba.

Ana fita da shi, a karon farko idon tsohon ya bar bango. Ya bi Kamal da kallo, bai ƙifta ba, har ƙofa ta rufe.