Tsuntsun da Bai Shiga Firiza Ba

Da yamma lis Femke ta dawo gidan tarihi daga makarantar firamare, kwalin busassun tsuntsaye a hammatarta, ruwan sama na ɗiga daga rigarta. Yara sun sha dariya, don babu kukan tsuntsun da ba ta kwaikwaya musu ba. Har tarin Joost, tsohon da ke kula da ɗakin ajiya, sai da ta yi.

"Sa su a firiza tukuna, sarkin gaggawa," in ji Joost daga ofishinsa. "Abin da ya fita waje, ba ƙwari kaɗai yake kwasowa ba."

"To, tsoho," ta ce. Amma jirgin ƙasan da za ta hau ya kusa tashi, sai ta zarce ɗakin ajiya na ƙasa da kwalin.

Ɗakin na warin kafur. Manyan kabad ne na ƙarfe a kan tayoyi, sai an murɗa hannu suke buɗe lungu. Ta shiga tsakaninsu, ta jera tsuntsayen rigingine, auduga a gurbin idanunsu. Na ƙarshe baƙi ne ƙirin. Don tsokana ta yi masa fito irin nasa.

"Femke," in ji tsuntsun. Da muryarta sak.

Ta buɗe baki za ta yi ihu. Sai kukan tsuntsu ya fito.

Tayoyi suka yi ƙara. Kabad ya fara matsowa, bango a bayanta, mafita na tsukewa.

"Kina ciki?" Joost ne daga saman bene.

"Na fita, tsoho," muryarta ta amsa daga bakin tsuntsun, har da 'yar dariyarta. "Kashe wuta ka tafi gida."

Wuta ta ɗauke.

Ƙarfe mai sanyi ya danne kafaɗarta. Sai ƙirjinta.

Ba ta da komai sai fito. Ta yi ta yi, hawaye na zuba.

Takun Joost ya tsaya.

"Tsuntsu mai rai? A ɗakina?"

Ya sauko yana zage-zage, don ko ƙuda bai yarda ya shiga nan ba. Ya ga hannun kabad yana juyawa shi kaɗai. Ya riƙe da dukkan ƙarfinsa, ya fizgo Femke.

Bai tambaye ta komai ba. Ya ɗaure baƙin tsuntsun a leda, ya cusa a ƙasan firiza.

Da safe muryarta ta dawo, a dushe. Ba ta sake kwaikwayon kowa ba. Har yau in ta yi magana, ko a tsakiyar bazara, tururin sanyi ke fita daga bakinta.