Duban Ciki Ta Bayan Zana

"Kwana fuɗu ke nan ba ki sa komi bakinki ba, Inna. Ga mai magani ƙofar ɗaki, kin ce kada ya shigo."

Atu ta juya fuska wajen bango. "Ke ce ke ganin mai magani. Ni suruki nika gani. In kware ciki gaban wanda zai auri ɗiyata? Gara a kai ni kushewa da kunyata."

Ni'imatu, autar tata, ta ciji leɓe. Saura mako uku a ɗaura mata aure da Namadi, malamin asibitin En'e na Kebbe, kuma in ba a kai Tambuwal ba, babu wani mai duba marar lafiya sai shi. Tun hantsi ya iso ƙauyensu Fakku bisa keke, laka har gwiwa, ga shi tsugune bayan zanar da ta kare ƙofa.

Ta leƙa. "Malam, ta ƙi."

"To ki ara mini hannunki da idonki," ya ce a hankali. "Ni in faɗa, ke ki duba."

Ta koma ta durƙusa. "Inna, ni dai ba suruki ba ce."

Atu ta yi tsaki, amma ba ta hana ba.

"Jawo ta wajen haske," in ji Namadi. "Farin idonta fa?"

"Ya yi ɗorawa-ɗorawa."

"Tafin hannu?"

"Fari fat, kamar ba jini."

"Tsunkuli fatar hannunta ki saki."

"Ta tsaya... ba ta koma ba sai a hankali."

"Ni za ki tsunkula?" Atu ta ce. "Na gode, auta. Tun ba a kai ki ba kin koma tasa."

"Murza hannunki ya yi ɗumi. Ta kwanta rigingine, ta naɗe gwiwa. Mi kike gani?"

Ni'imatu ta sassauta zanen. Cikin da ya ɗauke ta wata tara ya kumbura yana ƙyalli, cibiya ta turo, jijiyoyi sun fito, ga tsagar wanzami nan ba ta ko warke ba. Duk ta faɗa masa.

"Fara daga inda ba ya ciwo. Ɗora hannu, ki ƙwanƙwasa yatsa."

"Tsakiya kamar ganga. Gefe kuwa kamar tulu cike."

"Ta ja numfashi, ki danna ƙarƙashin haƙarƙari."

Atu ta runtse ido tana kiran sunan Allah. Yatsun Ni'imatu suka ci karo da wani abu mai tauri, ya zille.

"Akwai abu, Malam."

"Daga dama ya taso ko daga hagu?"

Ta sake dannawa, ta sake. Ruwa ya yi yawa, abin sai gudu yake mata. Hawaye suka zubo.

"Ban gane ba... wallahi ban gane ba."

Namadi ya matso jikin zana. "Inna, ki gafarce ni. In saifa ce, ina iya fara magani nan. In hanta ce, dole ki bi motar gobe zuwa Sakkwato, don in an ƙara ruwan sama hanya ta yanke sai kaka. Hannuna kaɗai zai bambance."

"Ce masa na ji," in ji Atu. "Ce masa Allah na nan."

Ni'imatu ta miƙe ta share fuska da bakin gyale. Ta ɗaga murya don na waje ya ji.

"Malam, Allah ya sani ina sonka. Amma tashi ka iske Baba Jumare gona, tunda shi ne waliyyina, ka ce na fasa auren. Ka dawo ba suruki ba."

"Ni'ima..."

"Ba ka so ta tashi?"

Namadi ya miƙe ya ce, "In shi ne zai buɗe mini ƙofar, na tafi."

Suka ji ƙarar keke an ɗaga shi daga jikin zana.

Atu ta yunƙura bisa gwiwar hannu, ta cafke zanen ɗiyar. "Kada ki soma! Yaron da na yi ta roƙon Allah ya ba ki? Tsaida shi."

"Malam, tsaya."

Keken ya tsaya.

Ni'imatu ta durƙusa, ta kama hannun nan fari ta ɗora a kumatunta.

"Na tsaida shi, Inna. Ko ya tafi gona, ko ya shigo nan. Zan rufe miki fuska da gyalena, ba za ki ko gan shi ba. Don Allah, ki ce ya shigo."