Taga Daidai Tsawon Tsigi

"Ka ɗauki kayanka, ba na so."

Auta ta dire ƙunshin a gabansa, a kan yashin bakin tafki. Ko igiyar da ya ɗaure shi da ita ba ta kwance ba.

Mai Tanti ya ɗago daga turken da yake bugawa, guduma a hannu, gumi na bin goshinsa.

"Kin buɗe kuwa?"

"Ba sai na buɗe ba. An faɗa min abin da ke ciki."

"Wa ya faɗa miki?"

"Wanda ya gani da idonsa..."

Ya kalle ta. Ita kuwa ta kafe idonta a kan yatsun ƙafarta, don ta san in ta kalle shi hawaye zai tona mata asiri.

"Auta," ya ce a hankali, "ni in na ba da abu ba na karɓa. In ba kya so, ki ba kifaye, su ma rana na damunsu."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya da sauri ta nufi inda yara ke ihu suna jifan juna da jiƙaƙƙen yashi.

Shekara uku ke nan, duk dogon hutu Yaya Babba yakan kwashi gidan gaba ɗaya a mota biyu su zo bakin tafkin nan su yi mako guda: Umma da filas ɗin shayinta, matar Yaya da ƴan biyunta, Auta da Tsigi. Mai Tanti ne ya ɗinka musu tantunan, shi ke zuwa ya kafa ranar farko, ya dawo ya naɗe ranar ƙarshe. Ba mai yawan magana ba ne. Sai da ya shekara biyu yana gaishe ta da "sannu da yara" kafin bakinsa ya iya furta abin da ke ransa. A bana ne ya miƙo mata ƙunshin nan na sabon tanti, kansa a ƙasa.

"Namu ne... na baɗi, in Allah ya yarda, kuma in kin yarda."

A ranar ko abinci kasa ci ta yi don murna.

Sai dai akwai Tsigi.

Tsigi ƴar yayarta ce. Tana da wata takwas hatsarin mota ya raba ta da uwa da uba rana ɗaya, tun daga nan a bayan Auta ta girma. Yanzu shekararta biyar, ƴar mitsitsiya mai bakin tsiya, ba ta barci sai ta riƙe ɗan yatsan Antinta. Maza uku sun zo neman Auta, kowa da ya zo kan maganar yarinya sai ya ce, "Ai ga kakarta nan." Su ukun duka ta sallame su.

Umma ma ra'ayinta ke nan.

"Namiji ba ya riƙon ɗan wani da zuciya ɗaya. Ranar da kika tashi aure, ki ajiye min jikata ki tafi ke kaɗai."

Yaya Babba kuma nasa daban ne.

"Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki so sai mai ɗinkin tamfal?"

Duk wannan Auta ta shanye, don ta yarda shi ba irin sauran ba ne. Sai ranar da za su taho, da suka biya ziyara gidan Gwaggo. Yara na tsakar gida suna shan kankana, ƴar Gwaggo ta ja ta ɗaki. Rediyo ake ce mata a dangi, don labari ba ya kwana a cikinta, kuma kowa ya san ta daɗe tana ƙirƙirar ɗinkin da babu don ta leƙa shagon Mai Tanti.

"Ƴar uwa, ban so na faɗa miki ba, amma zumunci ya fi ƙarfin shiru. Na je shagonsa na tarar ya kafa tantin nan naku yana gwadawa."

"Yana da kyau?" in ji Auta, tana rufe fuska.

"Kyau kamar me! Shimfiɗa biyu cif. Ke da shi."

"Biyu?"

"Biyu, da idona. Ke ma dai, mutumin da sana'arsa awo ce, ai bai manta da yarinya ba. Ya dai faɗa miki amsarsa ne da allura, tunda bakinsa nauyi gare shi."

Maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Gaskiya ne, shi komai da awo yake yi. In ya ɗinka na mutum biyu, to mutum biyu yake nufi.

Shi ya sa ta mayar masa.

Da ya gama kafa tantunan ya yi wa Umma sallama, ya ce wa Yaya Babba, "Tantin mata ya tsufa, ɗinkin samansa ya fara saki. Da ka bari na sake shi."

"Zai kai mu bana," in ji Yaya, ko kallonsa bai yi ba.

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ƙunshin na nan a kan yashi, har matar Yaya ta ɗauka ta jefa bayan mota.

Kwana biyu Auta na yawo da jiki babu zuciya. Ta wanke kwanuka a bakin ruwa, ta shanya kayan yara a kan igiya, ta raba faɗan ƴan biyu a kan bokiti ɗaya alhali ga wani can a yashe. In an yi dariya ta yi, in an juya baya ta share ido.

Rana ta uku suka shiga jirgin ruwa. Ƴan biyu sai tsalle, Yaya na ta ba matuƙi shawarar da ba a tambaye shi ba, Umma ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu tana salati. Tsigi kuwa, da ke tsoron ruwa, ta cusa kai a cinyar Auta.

"Anti, yaushe Mai Tanti zai dawo?"

"Ranar tafiya."

"Kun yi faɗa ne?"

"Wa ya ce miki?"

"Ba kya waƙa in kina yi min wanka." Ta ɗago. "Anti, in kin yi aure wurin Umma za ki bar ni? Ƴan biyu ne suka ce."

Auta ta ƙanƙame ta har yarinyar ta yi ƙara.

"Ba inda za ni, sanyin idona. Ba inda za ni ba ke."

Umma ta ji, ta kawar da kai wajen ruwa.

Ba su kai tsakiyar tafki ba matuƙin ya dubi gabas ya juya akalar jirgi. Hadari ne ya taso baƙi ƙirin. Suna taka yashi iska ta iso, ta yi sama da tabarma, ta kifar da kular abinci. Suka ruga tantin mata. Ko zama ba su gama yi ba sai ji suka yi ɓaarrr! Ɗinkin sama ya rabe gida biyu, ruwa ya zubo a kan Umma kamar an juye mata bokiti.

"Innalillahi! Ina mai cewa zai kai mu bana?"

Tantin Yaya cike yake da kaya da jakunkuna, ba zai ɗauke su duka ba. Matar Yaya ta tuna.

"Akwai wani a bayan mota!"

"A'a, wannan ba..." Auta ta fara, amma wa ke sauraronta?

Yaya Babba ya kwance ƙunshin a cikin ruwan sama. Mutumin ofis ne, bai taɓa buga turke ba. Ya ja nan, can ya faɗi. Ya ɗaure can, nan ya tashi sama. Har ya shige ciki tantin ya rufta masa, sai ƙafafunsa ake gani suna harbin iska. Ƴan biyu suka faɗi ƙasa don dariya.

A nan suka ji ƙarar babur.

Mai Tanti ne, jiƙe sharkaf, da sabon tamfal ɗaure a baya. Tun daga shago ya hango hadarin, ya tuna ɗinkin da ya saki.

Ya sauka daga babur. Ya zaro Yaya daga ciki, ya miƙa masa igiya.

"Riƙe nan, Yaya. Kar ka saki."

"To, ranka ya daɗe," in ji Yaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Kafin a ce haka tanti ya miƙe tsaye, shuɗi mai ratsin fari. Tsigi ce ta fara kutsawa. Sai ihunta suka ji.

"Anti! Anti zo ki ga ɗakina!"

Auta ta sunkuya ta shiga.

Shimfiɗa biyu ce, kamar yadda aka faɗa mata. Amma daga hannun dama akwai labule mai hoton ƙananan tsuntsaye, bayansa kuma wani ɗan ɗaki ne, da ƴar shimfiɗarsa. Ga aljihu a jikin bango daidai girman ƴar tsana. Ga ƴar taga can ƙasa, wadda babba sai ya durƙusa zai leƙa, Tsigi kuwa na tsaye hancinta na taɓa ragar.

Umma ta shigo tana matse mayafi, sauran na biye. Ta tsaya turus.

"Wannan tagar fa? Wa zai leƙa ta a ƙasa haka?"

"Ni!" in ji Tsigi. "Ai ya auna ni. Ranar da muka je shagonsa ya ce in tsaya ƙyam kamar soja."

Auta ta tuna. Ta ga lokacin da ya zaro abin awo daga wuyansa ya ɗora a kan yarinyar, ta ɗauka wasa yake mata.

Mai Tanti na durƙushe a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Na ƙara ɗan tsawo kaɗan," ya ce, kamar mai ba da haƙuri. "Kafin baɗi za ta girma. Kuma na juya ɗakin ya ba tafki baya, tunda ba ta son ƙarar ruwansa."

Umma ta sunkuya, ta sa hannu a wata ƴar kafa da ke ƙasan labulen, an kewaye bakinta da jan zare.

"Nan kuma ɓera ne ya ci, ko mantuwa ka yi?"

"Ba mantuwa ba ce, Umma." Ya sosa ƙeya. "Ta ce min ba ta barci sai ta riƙe yatsan Antinta. To... ta nan hannu zai wuce."



Auta ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata.

"An ce min na mutum biyu ne..."

"Wadda ta gani ta ga labulen," ya ce. "Har cewa ta yi tsuntsayen sun yi kyau."

"Rediyo!" in ji matar Yaya, ta tafa hannu. "Wallahi tashar nan sai an kashe ta."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" Auta ta tambaya cikin kuka.

"Na ce ki buɗe." Ya ɗago ya kalle ta. "Ni ban iya magana ba, abar ƙaunata. Abin da na iya ke nan. Tun ranar da na fara ganinki da goyo na ganki. Ban taɓa auna ki ke kaɗai ba."

Yaya ya yi gyaran murya ya hau kallon rufi, wai ɗinki yake dubawa.

Umma ta zauna a kan ƴar shimfiɗar, ta jawo Tsigi jikinta. Ta daɗe tana shafa kanta.

"Ita kaɗai ta rage min daga uwarta," ta ce. "Tsoro nake kar a kai ta inda za ta zama kaya."

"Umma, ba raba ku zan yi ba. Gidana da naki tafiyar ƙafa ce. Duk ranar da kika ga ta rame, ki zo ki ɗauke ta, ki haɗa da ni ki hukunta."

Umma ta sake zura yatsa a ƴar kafar nan mai jan zare, ta juya shi.

"Shigo daga ruwa, ɗan nan, kar mura ta kama min kai." Ta dubi Yaya. "Kai kuma mai raina tamfal, zuba masa shayi."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Rediyo ta zo, ta fi kowa rawa, ta kuma fi kowa ba da labarin cewa ita ta haɗa su.

Da dogon hutu ya zagayo, tanti shuɗi ne aka fara kafawa a bakin tafki. Tsigi ta ruga ta tsaya a tagarta. Daidai idonta, ko ɗaga ƙafa ba ta yi ba.

Bayan sun dawo daga wanka, rana ta take, yara duk suka yi laushi. Auta ta kwantar da ita a ɗan ɗakinta, ta saki labule, ta kishingiɗa a ɗaya gefen tana jira.

Can sai ga ɗan hannu ya leƙo ta kafar. Auta ta miƙa yatsa.

Hannun ya taɓa shi, ya ture.

"Ba naki ba, Anti. Na Abba nake so, nasa ya fi kauri."

Mai Tanti ya ajiye allurar da ke hannunsa. Ya kalli matarsa, idonsa ya cika. Sannan ya kwanta a ƙasa, ya miƙa yatsan nan da allura ta gama huda shi.

Har ta yi barci bai motsa ba.