Jakar Da Zinatu Ta Sayo a Meziko

A shekarun nan da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, har ofisoshin 'yan sanda aka yi ta rufewa, ɓatan jaka ba ya fito da sufeto daga ofis. Amma wannan jakar da fasfon Amurka a ciki, kuma mai ita ta yi ta kuka a waya da Hausa. Shi ya sa aka tura Sufeto Kambai, mutumin Kafanchan, zuwa wani gida a Moss Side.

Mai jakar Zinatu ce, tana aure a El Paso, wani gari a Amurka da ke bakin iyakar Meziko. Ta zo Manchester sunan ɗan yayarta Ramatu, an yi walima jiya, da safe aka nemi jaka aka rasa.

"Yallaɓai, jakar fata ce, a Meziko na sayo ta," in ji Zinatu. "Daga garinmu gada kawai za ka tsallaka da ƙafa, sai ga ka a Juarez. Ban taɓa zuwa ba, ban iya yarensu ba, har ɓata na yi cikin kasuwa. Da yatsu na yi ciniki kamar a Kurmi."

Matan da suka je walimar sun ce labarin nan sun ji shi har ya fita musu ta hanci.

"Me ke ciki ban da fasfo?" Kambai ya katse ta.

"Kwalbar banila, ta sa wa kek ƙamshi, ita ma daga can. Murfin ya saki, duk jakar ta ɗauki ƙamshi."

"Yaushe za ki koma?"

Nan fa muryarta ta sauka. "Jibi. Za a yi wa 'yata Raki aikin zuciya. Embassy sun ce ba appointment sai wani makon."

"Matan walima sun san da haka?"

"A'a. Ba a kawo irin wannan wurin suna."

Ta ce a bayan ƙofar uwar ɗaka ta rataye jakar. Kambai ya sa aka kira Ramatu.

"Hajiya, kin shiga ɗakin nan jiya?"

"Ni? Ina fama da baƙi da jariri, ina na ga lokaci?"

Kambai ya dubi ƙafarta. Takalmin fata ne mai saƙa, dunduniyarta ta leƙo waje. "Takalmin nan kamar ya yi miki kaɗan."

Zinatu ta leƙo. "Yaya, ai nawa ne wannan."

Ramatu ta tura baki. "To gwadawa na yi. Ni da muke ciki ɗaya ta kawo mini ɗankwali, ita kuwa ta sayo wa kanta takalma har da jaka. Amma wallahi na bar jakar a rataye."

"Wa kika bari a ɗakin?"

"Jamilatu. Ta shigo gyara ɗauri."

Jamilatu ƙawar Zinatu ce tun makarantar kwana. Ita ce mai ƙwaƙwalwar ajinsu, kowa ya ɗauka ita za ta yi nisa. Ta ƙare a wani ɗan flat a Balsall Heath, can Birmingham, kuma mijinta Falalu yana cikin waɗanda hukumar garin ta sallama daga aiki.

"Da me ta zo, da me ta tafi?" Kambai ya tambaya.

"Masa ta kawo mana, cike da babbar kula," in ji Ramatu. "Ai kuwa abin ya tsaya mini a rai. Da za ta tafi na ce ta miƙo kular in zuba mata shinkafa da nama, ta ƙi. Na kama hannun kular, ta fizge. Wai tana sauri kar motar Birmingham ta tafi."

Kambai bai rubuta komai ba. Ya dai san matan gida. Mace ta kawo miki abinci ba a mayar mata da kwano wayam, ita ma ba ta yarda ta koma da shi haka, balle mai yara a gida da miji ba aiki.

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, wata 'yar sandar garin ta raka shi. Jamilatu ta buɗe musu ƙofa, doguwa, fuska ba walwala.

"Malama Jamilatu, jakar ƙawarki ta ɓata."

"Na ji. Allah ya bayyana."

"Kin ga jakar a ɗakin?"

"Ban lura ba. Ni jaka ba ta dame ni ba."

"Me ya sa kika ƙi karɓar abinci?"

"Muna da abinci a gidanmu, Yallaɓai. Ba bara na je ba."

"Zan iya ganin kular?"

Ta ɗauko ta daga saman firji ta dangwarar a tebur. An wanke ta fes da sinadarin wanki. Kambai ya ɓare robar da ke zagaye da murfin, ya kai hanci, sannan ya miƙa wa abokiyar aikinsa. Baturiyar ta ce ƙamshin kek take ji.

"Na ci masa a Kano, na ci a Bauchi," in ji Kambai. "Ban taɓa cin mai banila ba."

Jamilatu ta zauna a hannun kujera. Can ta miƙe, ta ɗaga buhun shinkafa, ta jawo jakar daga ƙarƙashi. Fasfon yana nan, ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Ba sayarwa zan yi ba," ta ce. "Ka san abin da ta faɗa a gaban mata? Wai da za ta dawo daga kasuwar, mutane cike da gada suna layi a rana, ita kuwa shuɗin fasfo kawai ta ɗaga ta wuce, tana dariya. Ni mahaifiyata visa aka yi ta hana ta, har ta rasu ba ta ga 'ya'yana ba. Zinatu da nake yi wa lissafi a aji. Na ce bari ita ma ta tsaya a layi ko sau ɗaya, ta ji yadda yake."

"Gobe jirginta zai tashi," in ji Kambai. "Za a yi wa Raki aikin zuciya."

Jamilatu ta ɗago kai. "Wace Raki? 'Yarta?"

"Ita."

"Ba ta faɗa mini ba. Mun zauna tabarma ɗaya tun azahar, takalma da jaka kawai na ji."

"Ke kin faɗa mata an sallami mijinki?"



'Yar sandar ta karanta mata abin da ake karanta wa wanda aka kama. Jamilatu ta yafa mayafi, ta kashe murhun gas, ta bi su. Maƙwabta na leƙe ta labule, ba ta dubi kowa ba. Sai da aka buɗe mata ƙofar mota ta juyo.

"Yallaɓai, ka bar ni da wannan matar, ka koma Manchester yanzu. Ka fara kai mata fasfon, ni ba inda za ni."