Idon Hagun Dara-dara

Ruwan kumfa na zuba daga hannuwanta lokacin da aka fizge 'yarta daga bayanta! Mai wanki ta juyo a firgice, sai ga yayar mijinta rungume da jaririyar, mijin kuma yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai. Dara-dara ake kiran yarinyar saboda manyan idanunta da kowa ke yabo, amma wata uku ke nan idanun suna zubar da hawaye ba dare ba rana, na hagun ya yi fari kamar an ɗiga masa madara.

"Da idona na gan ta!" in ji Yaya. "Ta tsoma hannu a ruwan bilic na wanki, ta goge wa 'yar nan fuska. Muguwa kawai!"

"Wayyo Allah, Yaya... ni? Ke da na riƙa tamkar uwa tun da na rasa tawa? Baban Dara, ka yi magana mana!"

Ya juya mata baya. Ranar aka watso mata kaya waje, masu kawo wanki suka ɗauke ƙafa, maƙwabta suna nuna ta da baki. Ta koma kwana a ɗakin guga, nono ya cika mata ƙirji yana zogi, tana goga rigunan 'ya'yan wasu tana kuka. Ƙaryar ma ba ta ƙona mata rai kamar bakin da ƙaryar ta fito ba. Kullum addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, ko ba a wanke ni ba, ka bar wa 'yata ganinta."

Da yarinyar ta daina buɗe ido gaba ɗaya, dole uban ya kai ta asibitin ido, aka kuma ce sai uwa ta zo. Aka sa Dara-dara barci, likita ta ɗora mata 'yar na'urar hoto a kan ƙwayar ido, sannan ta kira su gaban allo, har da Yaya.

"Kun ga wannan lungun? Ta nan ruwan cikin ido ke fita. Nata a toshe aka haife ta da shi, ruwa ya taru ya kumbura idon. Hawan ido ne, babu bilic ɗin da zai yi haka." Ta duba fayil, ta haɗe rai. "To amma me ya hana ku dawowa? Wata huɗu da suka wuce gwaggonta ta kawo ta ita kaɗai, muka ce a zo ɗaukar hoton nan cikin mako. Har ta faɗa mana wani ƙaninta daban ya makance da irinsa yana ƙarami. Da kun zo, da ba a rasa na hagun ba."

Duk suka juyo kan Yaya. Ta sunkuyar da kai ta ce:

"'Ya'yana mata uku... wa zai aure su in aka ce makanta a jininmu take?"

"Sai kika ɗora wa marainiya?" Muryar mijin ta fashe. "Kika sa na kori matata, kika kashe wa 'yata ido! Kada ki sake taka gidana!"

Ya durƙusa gaban matarsa yana hawaye kamar ƙaramin yaro, ya mayar da ita ɗakinta. Aka yi aiki, aka buɗe magudanar ruwan idon, Allah ya tsare idon dama. Labari kuwa ya bazu, abin da Yaya ta ɓoye ya shiga kowane kunne, har gaisuwarta aka daina amsawa.

Bayan wata biyu Yaya ta zo, ta rame, ta zube a bakin ƙofa. "Ki yafe mini don Allah..."

Mai wanki ta gyara goyonta, ta daɗe tana kallonta.

"Nawa na yafe, Yaya. Na idon hagu kuwa ba nawa ba ne. Ki jira ta girma, ki roƙe ta da bakinki."