Lema ta Uku a Filin Tadla

Sufeto Mbarek Zerwal yana tsakiyar cin abincin rana wayarsa ta yi ƙara. Saje Hammu ne, yana haki.

"Yallaɓai, mutum ya faɗo daga sama a filin ƙwallo. Ya rasu."

"Daga sama?"

"Masu diro da lema, waɗanda aka gayyato buɗe gasa. Biyu sun sauka lafiya, na ukun ya bugi ƙarfen fitila."

Ko da Sufeto ya isa filin ƙwallon Kasba Tadla, an riga an fitar da 'yan kallo. Gawar na kwance a gindin dogon ƙarfen da ke ɗauke da fitilu, an rufe ta da bargo. Lema mai ruwan ɗorawa da ratsin ja tana shimfiɗe a gefe.

Likita ya ɗaga bargon. "Anwar Amzil. Wuya ne ya karye, nan take. Amma duba nan." Ya janye ƙafar wandon. "Ɗinkin tiyata ne a idon sawu. An sa masa ƙarfe, kuma bai fi wata uku ko huɗu ba."

Hammu ya ce ya yi magana da mai diro na biyu. Lemar Anwar ta buɗe lafiya, babu igiyar da ta tsinke. Iska ce ta juya, Anwar ya ga zai wuce filin, sai ya karya kwana ƙasa-ƙasa. Mutumin ya ce kuskuren ɗan koyo ne.

Wata mace na zaune a bencin 'yan wasa cikin kayan diro, hular kwano a cinyarta. Ba ta kuka.

"Ke ce shugabarsu, Lalla?"

"Ni ce. Batul Amzil. Ƙanena ne."

"Allah Ya jiƙansa. Duk mai lasisin diro yana iya sauka a wuri irin wannan?"

"A'a. A daji in ka kuskure, gonar zaitun za ka faɗa, ka ba mai gona haƙuri. Nan kuwa akwai katanga, akwai wayoyi, akwai yara. Lasisinsa daban ne. Sai ka yi diro ɗari biyar, sannan ka ci jarrabawa: sauka goma a jere cikin da'ira, a gaban mai jarrabawa na hukuma. Ka kuskure ɗaya, a koma farko."

"Shi ya ci?"

"Ya ci. Makon ƙarshe na Janairu, a gaban Si Lahsen."

"Kina wurin?"

"Ina tsaye kusa da Si Lahsen. Duk goman a kan idona."

"Ƙafarsa fa?"

"Tsohon ciwo ne. Ya warke tuntuni."

Washegari da hantsi suka je gidan makoki. An kafa tanti a layin, ana karatu. Mahaifin mamacin, tsoho mai rawani fari, yana zaune a kujera, mutane na riƙe hannunsa suna wucewa, shi kuwa ko kallonsu ba ya yi. Wani maƙwabci ya raɗa wa Hammu cewa tsohon yana cikin 'yan kallo jiya, a layin gaba.

Matar Anwar, Siham, ta karɓe su a ɗakin ciki, jaririya a kafaɗarta.

"Yaushe ya ji ciwo a ƙafa?" in ji Sufeto.

"Tsakiyar Janairu. Babur ne ya kayar da shi a hanyar kasuwa. Ya ce kada in gaya wa kowa a kulob, wai za su hana shi tashi."

"Kin tabbata da lokacin?"

"Sidi, ina za ni manta? Sati bai cika ba na haihu. Ranar suna da sanduna ya tarbi baƙi. Ko ragon bai iya riƙewa ba, sai kawunsa ne ya yanka."

"Sunan yaushe ne?"

"Ƙarshen watan."

"Ya fita zuwa filin jirgi a wannan makon?"

"Da ƙafa cikin filasta? Banɗaki ma ni nake kai shi, ga ni da ɗanyen jego."

"To yaya aka yi ya sami lasisin?"

"Yaya Batul ce ta kawo masa katin har gida. Ya ce min tun bara ya ci, takarda ce ta makale a Rabat." Ta gyara wa jaririyar hula. "Ya yi murna ranar. Ya sa katin a gaban Baba, Baba ya juya shi ya ce, to, mu gani a ƙasa."

A mota Hammu ya ce, "Ke nan tsohon nan Lahsen ya sa hannu a kan abin da ba a yi ba."

"Mai yiwuwa. Amma jirgi ba ya tashi a ɓoye. Mu fara da matuƙi."

Filin jirgin Kulob ɗin Shaho yana can gindin duwatsu, titi ɗaya da rumfar kwano ɗaya. Matuƙin, wani gajere mai suna Kaddur, yana goge gilashin jirgi.

"Saje, zo in zaga da kai," in ji shi. "Kyauta. In ka yi amai kai za ka wanke."

"Ni da ƙasa muna zaman lafiya," in ji Hammu.

Sufeto bai yi dariya ba. "Kai ka ɗauki Anwar Amzil lokacin jarrabawarsa?"

"Ni ne. Safiya uku, lokacin sanyi, kulob ba kowa."

"Ka ga fuskarsa?"

"Na gani mana."

"Ya yi ɗingishi?"

"Ɗingishi? A guje yake shigowa."

"A wannan makon ƙafarsa na cikin filasta, Kaddur. Ko dai ka ga fuska, ko dai ka ga gudu. Zaɓi ɗaya, don alƙali zai sake tambayarka."

Kaddur ya ajiye tsumman. "To, fuska ban gani ba. Da hularsa yake fitowa, gilashin a rufe, baƙi ne kuma. Na ce sanyi ne. Kayansa ne, lemarsa ce, me zan tambaya? Ni direba ne."

"Ba abin da ya ba ka mamaki?"

Ya sosa ƙeya. "Wandon. An naɗe ƙafafunsa an ɗaure da roba. Na ce a raina Anwar ya rage tsawo. Kuma bai yi min surutu ba, shi da ba ya rufe baki. Babban yatsa kawai yake ɗaga min."

Si Lahsen yana zaune a ƙofar ofishinsa a bayan rumfar. Tsohon sojan lema ne, kafaɗa a miƙe, gashin baki fari fat. Ya ce sai sun sha shayi kafin magana.

Ya ɗaga butar sama kamar yadda aka saba, ya tsiyayo. Shayin ya zuba a kan tire, gefen kofi. Ya ce iska ce. A karo na biyu sai da ya lalubi bakin kofin da yatsa, sannan ya zuba ƙasa-ƙasa. Sufeto ya lura. Ya yi wa Hammu alama ya koma bakin rumfa ya tsaya.

"Kai ka jarraba Anwar?"

"Ni ne. Sau biyu na kayar da shi a baya. Yaron yana da zuciya, amma bai iya karanta iska ba. Wannan karon kuwa goma cif, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ajiye ƙwai. Na ce lallai ya yi aiki."

"Da idonka ka gan shi?"

"Shekara talatin ina wannan aikin, ɗana. Ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba."

"Wa ke tsaye can a bakin rumfa?"

Tsohon ya juya, ya ƙanƙance ido. "Kaddur ne."

"Sajena ne. Ya fi Kaddur tsawo da kai guda, kuma yana cikin kaki."

Si Lahsen ya daɗe yana riƙe da kofin.

"Yanar ido ce," in ji shi a hankali. "Ido biyun. Likita ya ce a yi aiki, ni kuwa na san ranar da hukuma ta ji, za ta karɓe hatimina. Launi ina gani. Da'irar fara ce, lemarsa ruwan ɗorawa. In ta sauka a ciki, ina gani."

"Fuska fa?"

"Ba na rabewa sai an matso."

"Ya matso?"

"Ko sau ɗaya. Yana sauka zai ɗaga min hannu, ya tattara lemarsa ya shige rumfa. Yayarsa ta ce ya roƙi kada a yi masa magana sai ya gama, don kada hankalinsa ya rabu."

"Ita tana tsaye kusa da kai lokacin?"

"A'a, ni kaɗai nake. Tana ciki tana naɗe masa lema. Sai da aka gama na ranar take fitowa ta kawo min ruwa." Ya tsaya. "Tana haki. Hannunta sanyi ƙalau." Ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "La'ilaha illallah."

Ya shiga ofis, ya fito da hatimin a hannu, ya miƙa wa Sufeto ba tare da an tambaye shi ba.

Ba su sha wahalar neman Batul ba. Bayan azahar ta zo kulob ɗin da kanta don kwashe kayan ƙanenta. Suka same ta durƙushe gaban akwatinsa tana ninke rigar diro.

"Lalla Batul, jiya kin ce kina tsaye kusa da Si Lahsen."

"Haka ne."

"Ya ce shi kaɗai yake."

"Tsoho ne. Ya manta."

"Siham ba ta manta ba. Anwar yana gida da sanduna yana tarbar 'yan suna. Kaddur kuma ya ɗauki wani da ya fi Anwar gajarta, wanda ba ya magana. A kulob ɗin nan mutum nawa ne zai iya sauka goma a jere da lemar da ba tasa ba?"

Ta shafa rigar, ta sa ta a akwati.

"Ɗaya," in ji ta.

"Me ya sa?"

"Ranar da aka fito da shi daga tiyata, ya riƙe hannuna yana kuka. An ce ƙarshen wata za a rufe karɓar sunayen waɗanda za su sauka a bikin buɗe gasa. Ya ce in ya rasa wannan, Baba ba zai ga na baɗi ba. Ka san abin da Baba ke cewa tun muna yara? Wai Allah Ya ba shi ɗa namiji ɗaya, sunansa Batul. A gaban baƙi yake faɗa, ana dariya. Anwar ma yana dariya."

"Shi ya kawo dabarar?"

"Ni ce. Shi bai san idon Si Lahsen ya mutu ba. Ni na sani, ni nake karanta masa saƙon waya." Ta ɗago kai. "Kada ku taɓa tsohon nan. Ni na yaudare shi."

"Wannan na mai gabatar da ƙara ne. Kin san ƙanenki bai iya ba."

"Na ce kafin bikin zan koya masa. Da aka cire filastar mun yi ta gwadawa. In iska ta kwanta yana shiga da'ira. In ta motsa, sai ya wuce."

"Jiya fa?"

"Muna sama aka gaya mana ta rediyo iska ta fara juyawa. Ni ce shugaba. Kalma ɗaya zan faɗa ya zauna a jirgi, a ce lemarsa ce ta sami matsala, ba wanda zai sani. Na juya zan faɗa, sai na ga yana leƙen filin ta ƙofa, yana neman inda Baba yake zaune. Na yi shiru, na diro."

"Kin ga faɗuwarsa?"

"Na riga shi sauka. Ina tsakiyar fili, ana tafa min. Na ɗaga kai na ga ya yi sama da yawa. Na san abin da zai yi tun kafin ya yi. Na yi ihu, amma ina, tafi ya yi yawa."

Hammu ya sunkuyar da kai.

"Da ya wuce ƙarfen fitilar nan da taku kaɗan," in ji Sufeto, "a kan 'yan makaranta zai sauka. Su ne a wancan ɓangaren."

"Na sani. Tun jiya nake ganinsu."

Sufeto ya gaya mata an kama ta bisa zargin sojan gona a jarrabawar hukuma, da samo lasisi ta hanyar yaudara, da sakacin da ya jawo mutuwa. Ta ce ta ji. Ta zaro nata katin lasisin daga aljihu, ta ɗora a kan akwatin, ta miƙe. Hammu ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

A bakin mota ta tsaya.

"Wa zai gaya wa Baba?"

"Ni zan je da kaina, bayan la'asar."

"Ka gaya masa duka. Har da abin da ya sa." Ta shiga ta zauna a baya. "Saje, don Allah kada ka bi ta layinmu. Mutane na zaune a waje."

Hammu ya kalli Sufeto ta madubi. Sufeto ya ce ya bi ta hanyar gada.